Jin Waƙa Daban, Gane Ta Daban: Yadda Ake Sauraron Makaɗan Hausa

Akwai mutumin da zai shekara ashirin yana jin Narambaɗa a mota, yana kaɗa kai, har yana karɓar amshi da bakinsa, amma ka tambaye shi wane sarki ake wa waƙar, ko wa ake wa zambo a tsakiyarta, sai ya yi shiru. Ba rashin kunne ba ne. Waƙoƙin nan a ƙofar fada aka yi su, ko a filin dambe, ko a tsakar gida ranar suna, gaban mutanen da suka san kowa da uban kowa. Makaɗi ba sai ya yi musu bayani ba. Ya ɗan taɓa magana kawai, wuri ya kaure da sowa. Mu kuwa a waya suka iso mana, babu shekara, babu sunan gari, wani lokaci ma da hoton wani makaɗin daban a kai. Abin da ya zube a hanya shi ne aikin mai sauraro ya tsinto ya mayar, kuma yana yiwuwa in aka bi a hankali.

Da farko, samo waƙar cikakkiya

Waƙa ɗaya za ka zaɓa. Kuma kada ka fara da bakandamiyar kowa. Narambaɗa yana da tasa, Shata yana da tasa, kuma a nan ne makaɗi ke zuba duk gwanintarsa yana wasa kansa, wanda bai saba da muryar mutum ba sai ya ɓata a ciki. Ɗauki wadda ka riga ka iya amshinta.

Sannan ka tabbata ba a gutsure ta ba. Guntun da ake ɗorawa a TikTok ko a WhatsApp, na daƙiƙa talatin, yawanci ɗa guda ne, wato baiti ɗaya, aka ciro don ya dace da habaicin da mai ɗorawar ke son yi wa wani. Miya ce ba tuwo. Waƙar fada takan kai minti goma sha biyar ko ashirin, wata ta wuce. In ka je wurin masu tura waƙa a kasuwa, kada ka ce a cika maka memori. Faɗi sunan makaɗin, ka ce doguwar kake so, ka sa kunne ka ji farkonta kafin ka biya. In ta fara a tsakiyar magana, an yanke kanta.

Za ka tarar waƙa ɗaya an ɗauke ta sau biyu ko uku, kuma ba su zo daidai ba. Kada ka ce ɗaya ce ta gaske, sauran jabu. Makaɗin baka ba ya maimaita waƙa yadda ya yi ta jiya. Wadda aka ɗauka a gidan rediyon Kaduna za ka ji ta a natse, wadda aka ɗauka a wajen biki kuwa cike take da sunayen waɗanda suka yi kyauta a ranar. Ajiye su duka, za ka bukace su a gaba. Ka kuma sani yawancin abin da ke yawo yanzu daga faifan garmaho ko zaren rediyo ya koma kaset, aka yi ta kwafa daga wannan kaset zuwa wancan kafin ya shiga kwamfuta. In ka ji muryar dattijo ta sirance tana gudu, zaren ne ya yi sauri, nemi wani ɗaukan.

Mota ba wurin wannan aiki ba ce, majalisa ma haka. Ɗaki, bayan isha'i, da abin sawa a kunne.

Ji na farko: bar maganar, bi kiɗan

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, alhali shi ke buɗe sauran. A ƙasar Hausa kayan kiɗa suna da iyayen gida. Kafin makaɗi ya buɗe baki, gangarsa ta riga ta faɗa maka ƙofar wa aka zo.

In ka ji kiɗa mai nauyi, wanda ba ya gaggawa, kuma da hannu ake buga shi ba da makaɗi (sandan kiɗa) ba, to kana fada. Ko dai kotso ne, irin na Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, ko taushi, irin na Salihu Jankiɗi da Sarkin Taushin Katsina. Jauje ma na sarauta ne. Tambari da kakaki kuwa ba a yi wa talaka su, komai kuɗinsa. Da zarar ka gane haka, ka san abin da za ka tarar a ciki: yabon sarki, jerin iyaye da kakanni, zambon masu neman kujerarsa, sai roƙo.

Kalangu ba ya ɓuya. Shi ne wanda muryarsa ke hawa tana sauka a bugu ɗaya, saboda makaɗin ya rataya shi ne a kafaɗa ya matse shi a hammata; in ya danna tsarkiyoyin da damtsensa fatar ta ɗaure sauti ya yi sama, in ya saki ya faɗo. Asalinsa kiɗan mahauta ne, shi ya sa za ka same shi a dambe, don dambe ma wasan 'ya'yan mahauta ne tun da can. Ɗan'anace da kalangu ya yi wa Shago da sauran 'yan dambe waƙa. Mamman Shata, mutumin Musawa da ya rasu a 1999, shi ya ɗauki kalangun ya zaga da shi ko'ina: sarki, direba, ɗan kasuwa, soja, matar gari, duk ya yi musu. Saboda haka in ka ji kalangu kada ka yanke hukunci da wuri, sai ka ƙara da abin da baki ya faɗa.

Masu tsarkiya kuma kowanne da gidansa. Kuntigi ƙarami ne, tsarkiya ɗaya, sautinsa siriri mai kaifi, kuma in ka ji shi kusan ka san Ɗanmaraya Jos ne, shi kaɗai ba 'yan amshi, yana magana a kan yaron mota da ɗan leburanci da auren dole. Gurmi ya fi shi kauri, shi ne na Haruna Uji. Kukuma da goge ana goga su ne da izga, kukuma ce ƙaramar. Garaya ta maharba ce da 'yan bori, goge ma yana shiga bori. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don in ka ji an ambaci Ɗangaladima ko Sarkin Rafi a kan kotso, basarake ake nufi, mai rawani da doki, amma in ka ji sunayen nan a kan garaya ko goge, mai yiwuwa iskoki ake kira. Suna ɗaya, duniya biyu, kiɗan ne kawai zai raba maka.

Sai na mata. Ƙwarya ce ake kifawa, wata a kan ruwa cikin babban masaki, a buga da 'yan sanduna, sautin ya fito a dunƙule. Shi ne kiɗan amada, na Barmani Coge ta Funtuwa da ire-irenta. Waƙar cikin gida ce, ta biki da suna, kuma maganarta kishiya ce, da sana'a, da miji, da haihuwa. Namijin da ya saurare ta da kunnen fada zai ce wasa ce kawai. Ya sake ji.

Gangar noma, dundufar maƙera, shantun 'yan mata, duk haka abin yake. Ba sai ka haddace su a rana ɗaya ba. Ka dai tambayi kanka duk lokacin da waƙa ta fara: da hannu ne, da makaɗi ne, ko tsarkiya ce, kuma kiɗan su wa ne?

Ji na biyu: raba gindi da 'ya'ya

Waƙar baka tana da gindi, wato layukan da ake komowa gare su a kai a kai, tana kuma da ɗiya, wato abin da jagora ke kawowa tsakanin gindi da gindi. Manazarta irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero sun daɗe suna amfani da waɗannan sunaye, kuma daga bakin makaɗan kansu aka samo su. A wannan jin, ɗauki biro, duk sa'ad da gindi ya dawo ka ja layi. In waƙar ta ƙare ka ƙirga, ka san yawan ɗiyanta ke nan.

Gindi shi ne takardar shaidar waƙa. A waƙar fada galibi a nan ake sa sunan uban gida ko laƙabinsa da babbar siffar da ake son a riƙe shi da ita. Duk inda jagora ya yi yawo, ko ya tafi zambo, ko roƙo, ko labarin wata tafiya, gindin ne ke jawo shi gida.

Sa kunne kuma ga yadda jagora da 'yan amshi ke raba aiki, don a nan makaɗa suka sha bamban. 'Yan amshin Shata yawanci gindi kawai suke maimaitawa, shi ke ɗauke da duk maganar, shi ya sa yake iya ƙirƙirar waƙa nan take a kan mutumin da ya gani yanzu. Na makaɗan fada kuwa ba haka ba. Jagora zai fara magana ya sake ta a rabi, su cafe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari da abin da bai faɗa ba, wani lokaci su kasu biyu suna karɓeɓeniya. Wannan ba ya yiwuwa sai an zauna an tsara an haddace. To ka lura: sau da yawa kalmar da ta fi zafi a cikin zambo ba a bakin jagora take ba, a bakin yaransa take. Wanda ke bin muryar jagora kaɗai, yana ɗaukar amshi a matsayin hutu, rabin waƙar yake ji.

Akwai kuma wata murya da ke kutsowa da ƙarfi ba tare da rerawa ba, tana kirari tana kiran sunaye. Sanƙira ne, maroƙin da ke tare da su. Kada ka ɗauke shi hayaniya. Shi ne yakan faɗi sunan da makaɗi ya sakaya, da abin da aka bayar.

Yanzu rubuta ta

Babu makawa sai an rubuta. Kunne yana yaudara, yakan cike gurbin abin da bai ji ba da abin da ya saba ji. Ɗa ɗaya za ka riƙa ɗauka, ka tsayar, ka rubuta, ka mayar baya. In a YouTube kake ji, akwai wurin rage gudu, ka sa shi a 0.75. Inda ba ka ji ba ka bar fili, kada ka cusa kalmar da kake zato. Wani filin ɗaukan na biyu zai cike maka shi, wani sai dattijo.

Babbar doka a nan ita ce ka rubuta yadda aka faɗa. Manyan makaɗan fada da yawa mutanen Sakkwato da Zamfara da Kabi ne, kuma da harshen gidansu suka yi waƙa. Bakano ko Bazazzagi zai ji "sun ka taho" inda shi zai ce "suka zo", ya ji "an ka" a wurin "aka", "shina" a wurin "yana", "yat tahi" a wurin "ya tafi". "Wanga" da "wagga" su ne "wannan", na farko namiji, na biyu mace. "Awa" tana nufin "kamar". "Ɗiya" kuwa a can takan zama 'ya'ya gaba ɗaya, ba 'ya mace kaɗai ba, kuma "na" da "ta" a ƙarshen magana sukan tsaya a wurin "ne" da "ce". In ka gyara waɗannan zuwa Hausar makaranta, ka ɓata awon layin, ba zai ƙara hawa kan kiɗan ba, kuma wani lokaci ma'anar ma ta juya. Mutanen Maraɗi da Tawa da Ƙonni a nan sun fi na Kano sa'a, don da yawa daga abin nan maganarsu ce ta yau da kullum.

Kada ka nemi amsa-amo a ƙarshen layuka yadda ka saba a rubutacciyar waƙa. Makaɗin baka ba da ƙafiya yake auna magana ba, da bugun ganga yake aunawa. In layi ya yi masa tsawo sai ya haɗiye wata gaɓa, in ya gaza sai ya ja wasali ko ya sa "ai", "ko", "dai". Ka rubuta su, na cikin waƙar ne.

Wa ake wa, kuma yaushe?

Da takardarka a hannu, ja layi ƙarƙashin kowane suna: na mutum, na gari, na sarauta. Makaɗi ba kasafai yake kiran basarake da sunan yanka ba. Zai ce ɗan wane, jikan wane, uban wane, na wane. "Na wane" ɗin nan yakan zama ƙane ko wa ko babban bafade, "uban wane" kuma ba lalle ɗan cikinsa ba ne, yakan zama bara ko hakimin da ke ƙarƙashinsa. In ka jera su a takarda za ka ga ka zana gidan mutum da fadarsa. Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne, Amadu, saboda haka garuruwa da sarautun da za ka yi ta ji a bakinsa na wannan yanki ne. Ɗanƙwairo daga Maradun ya fito kafin waƙarsa ta kai ga Sardauna da sauran sarakunan Arewa. Jankiɗi na fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ne, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988. Sanin uban gidan makaɗi yana rage maka rabin wahala.

Shekarar waƙa kuma tana ɓoye a cikin kayan da aka ambata. Kuɗi ne suka fi saurin tona ta. In ana maganar fam da sule da sisi da taro, to kafin Janairun 1973 ne, lokacin da naira da kwabo suka shigo, ko kuma dab da haka, don baki bai saki tsohon lissafi nan da nan ba. In makaɗi ya ce an ba shi jaka, fam ɗari ke nan, wato naira ɗari biyu bayan canji, kuma a wancan zamani kuɗi ne na a zo a gani. Amma in a Nijar aka yi waƙar, jika sefa dubu ce, dala kuwa sefa biyar. Razdan da Di'o da En'e suna nuna zamanin Turawa zuwa farkon mulkin kai. In ana yi wa Sardauna addu'ar tsawon rai, kafin 15 ga Janairun 1966 ne. In ana ƙarfafa wa soja gwiwa su tafi fagen daga, tsakanin 1967 da 1970 ne. In ana koya wa direbobi komawa hannun dama, 1972 ce.

Jerin kyaututtukan nan da mutane ke gajiya da shi, wane ya ba ni doki, wane ya ba ni riga, wane kujerar Makka, ni a wurina yana cikin wuraren da suka fi daɗin karatu. A nan za ka ga su wa ke da hannu da shuni a garin a shekarar, wa ke zaune kusa da sarki, da kuma lokacin da mota ta fara ture doki a matsayin kyautar girma.

Yabo, habaici, zambo

Yabo ba shi da wuyar ganewa. Giwa, zaki, bajimi, gulbin da ya cika, dutsen da ba a turewa, gamji mai inuwa. Abin da za ka tambaya shi ne me ya sa aka zaɓi wannan siffa ga wannan mutum. Wanda aka yi ta kira da haƙuri da sanyin hali, wataƙila ya daɗe yana jiran sarauta. Wanda aka yi ta cewa ba ya tsoro, ba ya ja da baya, to akwai wanda yake ja da shi a lokacin.

Nan ne zambo ke shigowa, kuma sai ka san yadda sarauta take kafin ka gane shi. Kowace masarauta tana da 'ya'yan sarki da yawa, wata ma gidaje biyu ko uku ne ke karɓa-karɓa. Ranar da aka naɗa ɗaya, an bar goma da ciwon rai, kuma suna nan a garin, ana haɗuwa da su a masallacin Juma'a da hawan salla. Sarki ba zai buɗe baki ya zage su ba, girmansa ya wuce nan. Makaɗinsa ne zai yi. Sai ka ji ana cikin yabo an juya: wani mai ƙaton ciki, wani da rawani ya fi ƙarfin kansa, wani da ya sayar da gonar gado ya kai wa masu duba, har yau shiru. Za a mai da shi kura ko biri ko mujiya. Ba za a faɗi sunansa ba, amma za a ba da alama ɗaya, tafiyarsa ko haƙorinsa ko unguwar da yake, wadda duk wanda ke wurin zai gane.

Habaici ya fi zambo lulluɓi. Shi ba ya zana kamannin mutum, magana ce ake jefawa sama kamar ba da kowa ake ba, mai ita ya tsargu. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. A waƙoƙin mata habaici ne sarki, kuma a nan kishiya da uwar miji da dangin miji suke shan nasu.

Yadda za ka kama su a takardarka: nemi inda "kai" ya koma "wani" ko "wane" ko "su o'o". Nemi inda dabbar ta sauya daga mai girma zuwa abar raini. In ɗaukan na wajen taro ne, nemi inda mutane suka fashe da dariya ko sowa alhali kai ba ka ji abin dariya ba. Yi alama a wurin. Ba za ka warware shi kai kaɗai ba.

Abin da ganga ke faɗa

Wani lokaci baki zai yi shiru, kalangu ya ci gaba shi kaɗai, ka ji mutane suna ihu. Magana yake. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, kowace gaɓa ko tana sama ko tana ƙasa ko tana faɗowa, ga kuma dogon wasali da gajere. Rufe bakinka ka faɗi sunanka da na garinku a maƙogwaro, ba tare da buɗe leɓe ba. Abin da ya rage shi ne abin da kalangu ke bugawa. Wannan shi ne take: ɗan dambe yana da nasa, basarake yana da nasa, mahauta da maƙera suna da nasu. Ɗan damben da ke zaune a gefe, in aka buga takensa, za ka ga ya miƙe jiki na rawa ya shiga fili yana kirari, ba wanda ya kira sunansa da baki. Ba a gane take da hasashe, sai an faɗa maka kalmomin sau ɗaya. Daga ranar kuwa duk inda aka buga shi za ka ji su sarai.

Kai wa manya

Yanzu kana da takarda mai filaye da alamomi. Nemi wanda ya girme ka, kuma in da hali ɗan yankin da aka yi waƙar. Ba sai farfesa ba. Tsohon direba, tsohon ɗan kasuwar da ya yi yawon cin rani, bafade, tsohuwar da ta yi zamanin kiɗan ƙwarya, duk sun fi littafi a wannan fage.

Kada ka je da tambaya tsirara. Ka gaishe shi, ka zauna ƙasa, in da goro ka ajiye. Sannan ka ce, "Baba, wata waƙa ce ta ɗaure mini kai, ko za ka taya ni ji?" Ka kunna daga farko, ba daga wurin da kake so ba, ka bar shi ya shiga cikinta. Za ka ga ya runtse ido, yatsa na bugun gwiwa, can sai ya yi murmushi ya ce, "Tsaya, mayar da nan. Ka san da wa yake?" Abin da ka zo nema ke nan. In ka katse shi da tambayoyi tun farko, amsar da za ka samu ita ce, "Ai waƙa ce kawai, yaro." In tsohuwa ce, "Iya" ko "Hajiya" za ka ce, kuma ka sani akwai habaicin da ba za ta fassara wa ɗa namiji ba. Tura ƙanwarka ko matarka.

Dattijo biyu za su iya ba ka suna biyu a kan zambo guda. Rubuta duka, ka sa sunan garin kowannensu a gefe, don sau da yawa kowa na faɗin abin da ake faɗa a gidansu ne. Sannan ka riƙe bakinka. Wanda aka yi wa zambon ya mutu, amma jikokinsa suna nan, wasu ma suna neman kujerar har gobe. Makaɗin da ya san su ido da ido ya sakaya sunan. Ba kai da ka ji a bakin wani za ka je Facebook ka kwance ba.

Koma ka ji ta gaba ɗaya

Ajiye biro. Kunna ta daga farko har ƙarshe ba tsayawa, sannan ka kunna ɗaya ɗaukan. Abin da ya zauna a duka biyun shi ne ƙashin waƙar, abin da makaɗin ya ɗauka ba ya taɓuwa. Abin da ya canza na ranar ne. Wani lokaci za ka tarar an cire wani ɗan zambo a ɗaukan baya, ko an ƙara wani suna a jerin yabo, ka san an shirya ke nan, ko wani ya samu shiga.

A wannan jin ne kuma naka zai shigo. Layin da aka yi wa wani sarki a kan haƙuri shekara sittin da suka wuce zai iya faɗowa daidai kan halin da kake ciki a wurin aiki ko a gida, kuma ba laifi ka ɗauke shi haka. Mutanen da suka fara jin waƙar ma haka suka yi da ita. Bambancin kawai yanzu ka san wanne ne na makaɗin, wanne ne naka.

Waƙoƙin zamani ma suna karɓar wannan hanya, sai dai matakin bin kayan kiɗa ya raunana, tunda fiyano ɗaya ce a situdiyo ke yi wa mai waƙar soyayya da mai ta siyasa da mai bege kiɗa. A madadinsa sai ka saurari sunayen da ake jerowa a farko ko a ƙarshe, nan za ka ji wanda ya ɗauki nauyi. Waƙar siyasa kuwa ita ta gaji zambon fada kai tsaye, kuma da alamomin jam'iyya take sakaya magana. Yau tsintsiya da lema ne. A jamhuriya ta biyu mabuɗin PRP ne da gida da masarar NPN, ga kuma santsi da taɓo bayan PRP ta dare biyu. Kafin nan fartanyar NPC ce da tauraron NEPU, salama da sawaba. A irin waɗannan, shekara kaɗai ba ta isa ba, rubuta har watan da waƙar ta fito, don mawaƙin da ya kira mutum giwa kafin zaɓen fid da gwani yana iya mai da shi kura kafin babban zaɓe.